Yaushe ya kamata yarinya ta fara sa girif a sandunan jimnastik?

Uwar Auta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar kociyoyi da iyayen da suka riga mu sanin harkar jimnastik. Yarinya ce 'yar shekara 8, kif ɗinta, wato yin lilo daga ƙarƙashin sanda ta hau ta dogara a kansa da hannu, ya fara fitowa amma bai zauna ba, yau ta hau gobe ta kasa. Tafin hannunta kuma yana yawan ɗayewa. Wasu sa'o'inta sun fara ɗaura fatar nan ta tafin hannu, wato girif, ita ma ta matsa sai an saya mata. Shin akwai shekarun da aka tsayar na fara sawa? Wane iri ake fara saya? Kuma zai hana hannun ɗayewa?

Kocin Sanduna:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba da shekaru ake aunawa ba. Za a samu 'yar shekara 7 da ta isa sawa, a samu 'yar 11 da ba ta da abin yi da shi tukuna. Abin dubawa shi ne irin motsin da take yi a kan sanda, sai kuma girman hannunta.

Girif iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na 'yan koyo, fallen fata ne kawai da ke kwanciya a tafin hannu, a zura yatsu har gindinsu, a ɗaure a wuyan hannu. Wannan ba ya ƙara ƙarfin riƙo, gugar sanda kawai yake ɗan ragewa. Sai na gasken, mai ɗan kara a kwance kusa da hujin yatsu. Shi ba a zura masa yatsu har gindi. A gaɓar farko ta wajen farce hujin yake tsayawa, a yatsan tsakiya da na zobe. Idan yarinya ta kama sanda, fatar sai ta lanƙwashe a kan karan ta zama ƙugiya a bayan sandan. Ƙugiyar nan ce take ɗauke wani kaso na nauyin daga kan yatsu, ta bi da shi ta jikin fatar zuwa maɗaurin wuyan hannu.

Me ya sa ake buƙatar wannan ƙugiya? Kaurin sandan mata santimita 4 ne, zagayensa ya haura santimita 12 da rabi kenan. Hannun yarinya ba ya haɗe shi, ga shi kuma mata ba sa zagaya shi da babban yatsa, duk yatsun gefe ɗaya suke kwanciya. Muddin motsin ƙanana ne, irin su lilo a ƙaramin sanda (sandunan mata biyu ne, ƙarami a ƙasa, babba a sama), hawa ta baya, juyin ƙugu a jikin sanda, ƙarfin yatsu ya wadatar. Amma ranar da ta fara babban juyi, wato ta saki jiki daga tsayuwar hannu ta zagaye sandan a miƙe, jan da ke zuwa wa hannunta a ƙasan lilon ya ninka nauyin jikinta sau da yawa. A nan ne yatsu ke zamewa ɗaya bayan ɗaya, yarinya ta fice daga sanda ba shiri. Don wannan wurin aka ƙera girif mai kara.

Saboda haka, yarinyar da kif ɗinta bai zauna ba, a ganina a bar ta da hannunta tsirara. Dalilin yana cikin kif ɗin kansa. A ƙarshensa, lokacin da sanda ya iso cinya, dole wuyan hannu ya juya ya hau saman sandan da sauri, in ba haka ba ƙirji ba zai wuce gaba ba, ta koma ƙasa. Juyin nan ana koyon sa ne da jin sanda a tafin hannu: yaushe za a sassauta, yaushe za a damƙe. Sabuwar fata tana da tauri, tana shiga tsakanin hannu da sanda ta toshe wannan jin. Wadda ta riga ta iya za ta rasa shi na 'yan kwanaki ya dawo. Wadda take tsakiyar koyo kuwa, an haɗa mata darasi biyu a lokaci guda, kuma sau da yawa lanƙwasa gwiwar hannu take koma yi don ta cike giɓin. Gyaran wannan ɗabi'a ya fi koyar da kif ɗin wuya.

Ma'aunin da za a iya amfani da shi: ta yi kif da miƙaƙƙen hannu sau 8 ko 9 cikin 10, a ƙaramin sanda da babba, ta kuma iya haɗa shi da tunkuɗa jiki baya har ƙafa ta kai daidai kafaɗa ko ta wuce. A tsarin Amurka mai matakai 1 zuwa 10, a mataki na 4 kif yake zama dole a jerin motsin gasa, shi ya sa za ki ji ana yawan ambaton mataki na 4 da na 5 in ana maganar fara girif. Lambar matakin ba ita ce abin riƙewa ba, kowace ƙasa da nata tsarin.

Batun ɗayewa kuma, gaskiya girif ba ya hana ta, wuri kawai yake sauya mata. Tsakiyar tafi zai samu sauƙi, amma gindin manuniya da na ƙaramin yatsa suna nan a buɗe, gefen fatar yana guga, maɗaurin ma yana cin wuyan hannu. In don ɗayewa kaɗai za a saya, a duba kantar tafin hannu, wato fatar da ta yi kauri, da yawan alli tukuna.

Dokar gasa ma ba ta tilasta shi ba. An sha ganin 'yan wasan Sin mata a manyan gasannin duniya suna lilo da alli kawai.

Malama Mai Alli:

Na yarda da Koci a kan kif, sai dai ina jin tsoron kada a fahimci maganar a kan cewa a jira sai ranar fara babban juyi. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fi na farkon haɗari. Yarinyar da aka ɗaura wa sabon girif a makon da aka fara ɗaga ta tsayuwar hannu a babban sanda, ba ta san yadda zai kama ba, ba ta san yadda zai saki ba, ga tsoron tsayi. Akwai tazara tsakanin zaman kif da fara manyan juye-juye, galibi watanni ne masu yawa. A cikin tazarar nan ake sabawa da girif, a kan motsin da ta riga ta iya har ba ta tunanin sa.

Lokacin shekara ma abin lura ne. Bayan an gama kakar gasa ake farawa, ba ana saura wata ɗaya ba. Za ta ɗan koma baya, wannan tabbas ne, to a bar koma-bayan ya faɗo lokacin da babu alƙali a gabanta.

Akwai yaran da nake ganin a ɗan gaggauta musu: mai yawan gumin hannu wadda alli ke zama kunu a tafinta tun kafin ta gama jeri ɗaya, da wadda ta yi tsawo da nauyi da wuri, domin jan da hannunta ke ɗauka ya fi na 'yar ƙarama ko da motsin iri ɗaya ne. Akwai kuma waɗanda za a jinkirta wa, wato masu ƙaramin hannu sosai. In mafi ƙanƙantar lamba ma ta yi mata tsawo, babu dabara, a jira hannu ya girma. Ana yin sirara don irin waɗannan hannuwa, faɗinsu bai cika tafin ba, suna saurin laushi, kuma suna barin yarinya ta ji sanda ta gefe da gefe. Su suka fi dacewa da farko.

Girif na 'yan koyo kuwa, 'yar'uwa, ba dole ba ne a bi ta kansa. Wasu kociyoyi suna ba da shi don yarinya ta saba da jin abu a hannu. Ni dai ban ga ya shirya ta wa mai kara ba, tunda wurin zaman yatsu ma daban ne. In hannun ya yi tsami ƙwarai ana iya sa shi na ɗan lokaci, ba laifi.

Ga yadda ake awo. A miƙe hannu a kan tebur, tafi sama, yatsu a haɗe. A ɗora rula daga layin da ya raba tafi da wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. A auna hannu biyun. Sai a duba jadawalin kamfanin da za a saya wa, shi kaɗai, domin lamba 0 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da 0 ta wancan ba. In awon ya faɗo tsakanin lambobi biyu, a ɗauki ƙaramar. Fata miƙewa take yi da aiki, ba ta komawa.

Maɗauri iri biyu ne, mai manne irin na Velcro da mai ƙarfe irin na bel. Mai manne yarinya tana iya ɗaura shi da kanta, ta kuma daidaita shi yadda take so, amma alli yana cika haƙoransa ya daina kamawa, kuma yara suna mayar da ɓalle shi da mayarwa wata ɗabi'a kafin kowane hawa. Mai ƙarfe in an ɗaure ya ɗauru, sai dai wani lokaci huji ɗaya ya yi sako-sako, na gaba ya matse. Kaurin ƙyallen da ke ƙarƙashi ne ke gyara wannan. Ƙyallen wuyan hannu dole ne, kowane iri aka saya, kuma ya fi maɗaurin faɗi ta sama da ta ƙasa, in ba haka ba bakin fatar zai yanke ta.

Sabon girif ba a hawa babban sanda da shi daga cikin kwali. A fara naɗe fatar a kan karan, a hankali, har zuwa maɗauri, a warware, a naɗe ta ɗaya fuskar, a yi ta maimaitawa har ta fara laushi. Naɗewa na ce, ba ninkewa ba. In aka karya ta a wuri ɗaya har ta yi layi, ta wannan layin za ta tsage daga baya. Hujin yatsu yakan zo a matse, da gangan aka yi shi haka. A naɗa samfefa a jikin fensir a goge cikin hujin kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. Kada a sa almakashi ko reza, domin ɗan tsagin da ba a gani shi ne mafarin yagewa. A tsaya tun hujin yana ɗan matsewa, zai buɗe da kansa. In kuma an zarce ya yi yawa, a naɗa filasta a yatsa, ko a sa 'yar roba ta riƙe fatar a jikin yatsun.

A kan sanda, kwanakin farko rataye ne kawai da ƙaramin lilo, don lanƙwasar ta samu wurinta daidai da hannun mai shi. Minti 10 na farkon lokacin sanda da girif, sauran da hannu tsirara. Daga nan a ƙara juyin ƙugu da tunkuɗa jiki, sai kif a ƙaramin sanda, sai babban sanda a ƙarshe, da katifa mai kauri a ƙasa da koci a tsaye kusa. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 an wuce wurin. Abin da ba a so shi ne yau a sa gobe a cire har tsawon watanni. In an ƙetare, an ƙetare, don hannun da ke tsakanin biyu ba ya sabawa da ko ɗaya.

Ruwa: fesawa ɗaya ko biyu a kan fatar, sai alli. Ba a tsoma girif a ruwa. Wanda ake jiƙawa sharkaf yana saurin miƙewa, in ya bushe ya ƙandare, ya fara tsattsagewa. Idan fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, alli da gumi ne suka daskare, a kankare da buroshin waya a hankali har gashin fatar ya tashi. Mai ko man shafawa kada ya kusance shi.

Uwar Auta:

Na gode ƙwarai, Koci da Malama, Allah ya saka da alheri. Za mu jira kif ɗin ya zauna. To amma tunda hannun yara girma yake yi, in lokacin ya zo ba za a iya sayen wanda ya ɗan fi ta ba don ya daɗe? Ko ta karɓi na wata babba da ta daina amfani da shi, tunda ya riga ya yi laushi? Sannan yaro namiji ma haka dokar take?

Kocin Maza:

Hajiya, don Allah kada a yi ko ɗaya daga cikin biyun. A kayan wasa da yawa ana iya sayen babba a jira yaro ya cike shi, ban da wannan.

Ga abin da ke faruwa in girif ya yi tsawo. Fatar tana zagaye sandan, in ta yi yawa sai bakinta na wajen kara ya iso ya taɓa ɓangaren da ke kusa da wuyan hannu. Fata ta hau kan fata, nauyin jiki ya ja, sai ta ɗaure kanta a jikin sandan. Hannu ya tsaya cak, jiki kuwa yana cikin juyi bai tsaya ba. Abin da ke tsakanin biyun shi ke ɗaukar hukuncin: ƙasusuwa biyu na tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu suna karyewa, jijiyoyin bayan hannu suna yagewa, a yara kuma har wurin girman ƙashi yana taɓuwa. Kullewar girif kenan, kuma likitocin wasanni sun san ta sarai.

An fi ganin ta a sandan maza, dalilin kuma lissafi ne. Sandan maza ƙarfe ne mai kaurin santimita 2.8, zagayensa bai kai santimita 9 ba. Fatar da ba za ta haɗe sandan mata ba tana iya haɗe wannan har ta yi saura. Ta fi aukuwa a manyan juye-juye, musamman waɗanda ake yi da hannu a murɗe. A sandan mata ba ta cika faruwa ba, amma girif mai tsawo yana da tasa illar a can ma: lanƙwasar tana faɗowa ba a wurinta ba, fata ta tattare a tafi, yarinya ta ji kamar ta kama alhali ba ta kama ba.

Gwajin ba shi da wuya, kowane koci ya kamata ya riƙa yin sa. Yaro ya ɗaura girif yadda ya saba, ya kama sanda, ya saki nauyinsa ya rataye. A leƙa ta ƙasa. Dole a ga tazara a fili tsakanin bakin da ke da kara da sauran fatar. In sun kusa haɗuwa, girif ɗin ya gama aiki ko da ba shi da tsagi ko ɗaya. A tuna kuma maɗaurin da ya yi sako-sako yana zamewa ya gangaro wajen tafi, wannan ma ƙara wa fatar tsawo yake yi. Shi ya sa ake matse shi sosai a kan ƙyalle.

Na gado kuwa matsalarsa biyu. Ya riga ya miƙe, sannan lanƙwasarsa ta zauna a kan tsawon yatsun wata. Laushin da ake kwaɗayi, alamar ya ci rabin rayuwarsa ce. Aro na rana ɗaya ma ba a yi.

Game da maza, ƙa'idar ɗaya ce, motsi ake dubawa, amma kayan sun bambanta. Na sandan ƙarfe huji uku gare shi, manuniya da na tsakiya da na zobe, karansa siriri. Na zobba, wato zobba biyu da ke rataye ana lilo a kansu, huji biyu ne, karansa ya fi kauri. Ba a musanya su. Hawa sandan ƙarfe da girif na zobba, ko da na mata, neman kullewa ne kai tsaye. Yara maza sukan fara buƙatarsa a sandan ƙarfe in lilonsu ya fara kai wa daidai sanda ana shirin babban juyi, a zobba kuma in lilo ya yi girma har ana jin fizga a ƙasa. Sanduna biyu na jere da dokin hannu, wato benci mai mariƙa biyu a sama, ba a sa musu mai kara.

Wani abu da iyaye ba su cika sani ba: babban juyi ba a kan sandan gasa ake fara koyon sa ba. Akwai sandan ƙarfe da ake ɗaure hannu a jikinsa da madauri, a kan safar hannu ko guntun bututun roba, yadda yaro ba zai iya ficewa ba. A can ba a sa girif sam. Saboda haka yaro yana iya fara koyon siffar juyin a can, a lokaci guda yana sabawa da girif ɗinsa a kan ƙananan motsi, sai a haɗa su daga baya.

Tun daga ranar da aka fara sawa, dubawa ta zama aikin kullum kafin a hau: ɗinkin da ya haɗa fata da maɗauri, tsakanin hujin yatsu da bakin fata, karan ko ya fara ɓalɓalcewa, da duk inda fatar ta yi siriri ko ta sauya launi. Mai atisaye da yawa yakan canja cikin wata 6 zuwa shekara, ƙaramar yarinya kuwa sau da yawa hannunta ne zai riga fatar gajiya. In ta fara gasa da shi, a samu na biyu a fara laushe shi tun na farkon yana da rai, a riƙa ba shi 'yan mintuna a kowane mako. Girif yana iya tsagewa ana ɗumama jiki a ranar gasa, kuma sabo fil ba ya maye gurbinsa a wannan rana.

Mai Gashin Ƙashi:

Tunda an yanke shawarar jira, bari in taɓa ɗayewar, don ita ce ainihin abin da ya dami yarinyar yanzu.

Hannu yana ɗayewa ta hanya biyu. Ko fatar ta yi laushi ba ta saba ba, guga ta tayar da bororo ya fashe, ko kuma kanta ta yi kauri ta yi tudu, sanda ya kama tudun ya ɓalle shi gaba ɗaya da naman ƙarƙashi. Ta biyun ta fi yawa ga wadda ta daɗe tana yi, kuma ita ce mai sauƙin karewa. Kanta ana son ta, amma a shafe, daidai da sauran tafin. Bayan wanka, fata tana da laushi, a goge ta da dutsen goge kaushi sau ɗaya ko biyu a mako. In aka shafa yatsa aka ji baki-baki mai kamawa, akwai saura. Kada a kankare ta duka har a kai sabuwar fata.

Alli yana busar da hannu, aikinsa kenan, busasshiyar fata kuma tsagewa take yi. A wanke hannu da sabulu da zarar an tashi, a shafa mai da dare. Kafin atisaye kuwa ba a shafa komai, zai sa ta zame, ya kuma ɓata sandan ga na bayanta. Yawan alli ma yana ƙara guga. Shafa ɗaya mara kauri, a kakkaɓe, ya isa. Sai damƙa: 'yan koyo suna matse sanda da dukan ƙarfinsu daga farko har ƙarshe, fata ta tattare tana murzuwa. Da ta koyi rataya da yatsu ta bar sanda yana juyawa a hannu, ɗayewar za ta ragu da kanta.

In ya riga ya ɗaye, a wanke da ruwa da sabulu ko da zafi, a yanke fatar da ke reto da tsabtataccen abin yanke farce, daidai gindinta, don kada ta ci gaba da yagewa. A shafa man ciwo, a rufe. Kada a bar wurin ya bushe ƙayau, domin da ta buɗe hannu zai tsage a tsakiya, wannan tsagin kuma ya fi ciwon farko daɗewa. Da dare a shafa mai a rufe, yatsu a miƙe, don sabuwar fatar ta tofo a buɗe. Cikin kwana 3 zuwa mako guda yawanci ta koma sanda. In ja ya fara bazuwa, ko wurin ya yi zafi da kumburi, ko ruwa ya taru, a kai wa likita. Jinin da ya taɓa sanda kuma a goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wata ta hau.

Ƙarin bayani ɗaya, don ana yawan haɗa su: girif ba ya tallafa wa wuyan hannu. Ciwon wuyan hannu da ke damun yara masu tasowa, ta gefen babban yatsa, daga dogara nauyi a kan hannu yake zuwa, a ƙasa da wajen tsalle, kuma wurin girman ƙashi ne ke kuka. Matse maɗauri ba ya maganin sa. In ya wuce 'yan kwanaki yana dawowa duk lokacin da ta dafa ƙasa, a rage nauyin a je a duba.

Kocin Sanduna:

Malam ya gama magana a kan ciwon. Abin da zan ƙara shi ne yadda za ta ci gaba da aiki kafin ya warke sarai, tunda ba girif za a saya yanzu ba. A yanko filastar wasanni mai tsawon da ya ninka nisan wuyan hannu zuwa gindin yatsa sau biyu, da ɗan ƙari. A ninke ta a tsaye, manne ya haɗu da manne, ta zama siririn ɗauri mara kama fata. A rataya tsakiyarta a bayan yatsan da ke saitin ciwon, a sauko da bakin biyu ta tafin hannu su kwanta a kan ciwon, a haɗe su da wani yankin filasta, sannan a zagaye wuyan hannu sau biyu a danne su. Naɗa filasta a zagaye da tafin hannu ba ya aiki, lilo biyu za ta naɗe ta koma igiya. A sa ɗan bandeji a kan ciwon kafin ɗaurin, kuma a ranar a rage yawan lilo, a ba da ƙarfi ga tunkuɗa jiki da aikin ƙarfin ciki a sandan ƙasa.

In lokacin sayen ya yi, Hajiya, a bar kocinta ya ga awon ya kuma faɗi irin da yake so kafin a biya, domin girif ɗin da aka goge wa huji ko ya taɓa alli ba a cika karɓar sa a mayar ba. A gwada shi a hannu da tsabta tukuna, a kan ƙyallen da za ta riƙa sawa. A samar masa 'yar jakarsa ta yadi mai shan iska, a rubuta sunanta a maɗaurin, a kuma yi alamar dama da hagu, don da zarar kowanne ya ɗauki lanƙwasar hannunsa ba a sauya su. Bayan atisaye a bar shi ya sha iska a inuwa, ba a rana ko kusa da wuta ba, ƙyallen kuma a riƙa wanke shi, a samu na canji.